Margaret Beaufort, Mahaifiyar Sarkin Ingila Henry na Bakwai (1443-1509)

Gabatarwa

A cikin ƙarni na goma sha biyar na Miladiyya ƙasar Ingila ta yi fama da yaƙin basasa wanda aka shafe fiye da shekara talatin ana yi ana hutawa, watau daga 1455 zuwa 1487. Gidajen sarauta biyu ne, Lancaster da York, waɗanda duka tsatson Sarki Edward na Uku ne, suka yi ta kai ruwa rana a kan gadon mulki. Marubutan da suka zo daga baya su ne suka raɗa wa rikicin suna Yaƙin Furen Wardi, saboda alamar York farin fure ce, ta Lancaster kuwa ja. Galibin littattafan tarihi mazajen da suka ɗaura sirdi suke bi. Wannan maƙala kuwa za ta bi rayuwar wata mace wadda ko sau ɗaya ba ta taka fagen fama ba, amma ɗanta ne ya wayi gari a kan gadon da dubban mutane suka mutu dominsa.

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu, musamman a cikin ƙagaggun labarai, cewa tun ranar da Margaret Beaufort ta haihu take ƙulle-ƙullen ɗora ɗanta a kan mulki. Takardun zamaninta ba su goyi bayan wannan ba. Abin da suka nuna shi ne mace wadda ta yi shekara ashirin da shida tana neman abu biyu kurum: ta riƙe gadon ubanta, ɗanta kuma ya tsira da ransa. Ba ta ɗaga ido ta dubi gadon sarauta ba sai a 1483, sa'ad da sauran hanyoyi suka toshe.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Margaret ran 31 ga watan Mayu, 1443, a Bletsoe cikin lardin Bedford. Mahaifinta, John Beaufort, jikan John na Gaunt ne, shi kuwa John na Gaunt ɗan Sarki Edward na Uku ne. To, amma akwai tabo a wannan nasaba. 'Ya'yan gidan Beaufort na farko an haife su ne kafin ubansu ya auri uwarsu, Katherine Swynford. Daga baya Paparoma da Sarki Richard na Biyu suka halatta su, Majalisar Dokoki ta tabbatar a 1397, amma bayan shekara goma Sarki Henry na Huɗu ya ƙara sharaɗin cewa ba su da rabo a gadon sarauta. Masana shari'a sun yi saɓani a kan ko sarki shi kaɗai yana da ikon sauya abin da Majalisa ta zartar. Saboda haka gidan Beaufort ya zauna a tsaka mai wuya. Kusancinsu da sarauta ya isa a ji tsoronsu, amma bai isa ya ba su kariya ba.

Manyan hakiman Ingila suna da muƙamai hawa-hawa, mafi girma shi ne Duke, a ƙasansa akwai irin su Earl, kuma akan kira basarake da sunan ƙasar da aka naɗa shi a kanta. Mahaifin Margaret shi ne Duke na Somerset. Mutum ne da bai yi sa'ar rayuwa ba. An kama shi a yaƙin Faransa a 1421, ya yi shekara goma sha bakwai a tsare kafin a fanshe shi. A shekarar da aka haifi 'yarsa aka ba shi runduna ya koma Faransa, ya dawo bai tsinana kome ba, fada ta juya masa baya. Ya rasu a watan Mayu na 1444, har wasu na raɗe-raɗin shi ya kashe kansa. Margaret ba ta cika shekara guda ba, kuma ita kaɗai ce magajiyarsa.

A dokar Ingila ta wannan zamani, marayan da ya gaji ƙasa daga babban basarake yana hannun Sarki ne. Sarki yana iya ba wanda ya ga dama riƙonsa, ko ma ya sayar da riƙon, mai riƙo kuwa shi zai ci amfanin filaye, shi zai zaɓa wa maraya abokin aure. Watau a idon manya Margaret dukiya ce kafin ta zama mutum. Sarki Henry na Shida ya ba da ita ga babban na hannun damansa, William de la Pole mai sarautar Suffolk, shi kuma ya ɗaura mata aure da ɗansa John a farkon 1450, tana 'yar shekara shida. A wannan shekarar ce Majalisa ta tuhumi Suffolk, daga cikin laifuffukan har da cewa wai yana nufin kai ɗansa ga sarauta ta hanyar wannan yarinya. Aka kore shi daga ƙasa, wasu suka tare jirginsa a teku suka sare masa kai. A 1453 aka warware auren, aka miƙa riƙon Margaret ga Edmund Tudor da ƙanensa Jasper. Su waɗannan 'yan'uwan Sarki ne ta wajen uwa, don kuwa bayan rasuwar Henry na Biyar matarsa Catherine ta auri wani mutumin Wels mai suna Owen Tudor, ta haifa masa su.

Da ta tsufa, Margaret ta ba malaminta John Fisher labarin cewa a lokacin an ba ta zaɓi tsakanin ɗan Suffolk da Edmund, ta kwana tana roƙon Waliyyi Nicholas, sai wani mai kamar bishop ya bayyana gare ta kafin asuba ya umurce ta ta zaɓi Edmund. Babu dalilin ƙaryata cewa ta yi imani da hakan. Amma fa yarinya 'yar shekara tara wadda Sarki ya riga ya yanke shawara a kanta, zaɓinta na fatar baki ne.

Aure da haihuwa

Sarki Henry na Shida mutum ne mai ibada, marar kuzarin mulki. A 1453 Ingila ta rasa duk abin da ta mallaka a Faransa ban da garin Calais, a wannan shekarar kuma Sarki ya sami taɓin hankali, ya yi fiye da shekara bai san inda yake ba. Rigima ta ɓarke tsakanin Richard mai sarautar York da Edmund Beaufort, baffan Margaret, a kan wanda zai riƙe ragamar mulki. Ran 22 ga Mayu, 1455, aka gwabza a garin St Albans, aka kashe baffan nata a kan titi. Daga nan ake ƙirga farkon yaƙin.

Bayan wata biyar aka ɗaura auren Margaret da Edmund Tudor, mai sarautar Richmond. Tana da shekara goma sha biyu, shi kuwa ya haura ashirin da huɗu. Dokar coci ta yarda da aure a wannan shekaru, amma al'adar manyan gidaje ita ce a jira yarinya ta yi ƙwari, ballantana irin Margaret da aka san ta da ƙaramin jiki. Edmund bai jira ba. Masana tarihi biyu, Michael Jones da Malcolm Underwood, waɗanda suka bi takardun gidanta suka rubuta tarihinta a 1992, sun kawo dalilin da ya fi kama hankali: a doka, idan mata ta haifa wa mijinta ɗa mai rai, to, miji ya sami ikon cin amfanin filayenta har iyakar ransa. Gaggawar tasa ta dukiya ce.

Bai ci moriyarta ba. An tura shi kudancin Wels ya tsare wa Sarki yankin, mutanen York a ƙarƙashin William Herbert suka kama shi suka tsare a Carmarthen, annoba ta kashe shi a farkon Nuwamba, 1456. Margaret na ɗauke da tsohon ciki, ga sanyin hunturu, ga annoba, ga yaƙi. Ta nemi mafaka wurin ƙanen mijinta Jasper a gidansa mai ganuwa da ke Pembroke, a can ta haifi Henry ran 28 ga Janairu, 1457, tana da shekara goma sha uku. Naƙudar ta kusa tafiya da ita da jaririn duka. Ta sake aure har sau biyu bayan wannan, amma ba ta ƙara haihuwa ba, kuma yawancin masana suna ganin lahanin da ta samu a wannan haihuwa ne sanadi.

Akwai shaida cewa abin bai taɓa barin zuciyarta ba. Bayan shekara arba'in, sa'ad da ake shirin aurar da jikanyarta, wadda ita ma sunanta Margaret, ga Sarkin Sikotlan James na Huɗu, Henry na Bakwai ya gaya wa jakadan Sifen a 1498 cewa mahaifiyarsa da matarsa sun ƙi yarda a kai yarinyar da wuri, don suna tsoron mijin ba zai jira ba, ya yi mata illa. Sai a 1503 aka kai ta, ba ta kuwa haihu ba sai a 1507. Ta wajen wannan jikanya ce sarakunan Sikotlan suka gaji Ingila a 1603.

Zama a ƙarƙashin York

Bazawara mai dukiya ba ta da ikon zama haka nan, in ba ta zaɓi miji ba za a zaɓa mata. Wata biyu da haihuwa ita da Jasper suka nemi Duke na Buckingham, wanda ƙarfinsa ya isa ya kare ta, aka shirya aurenta da ɗansa na biyu, Henry Stafford. An ɗaura a Janairun 1458. Jaririn ya zauna a Pembroke wurin baffansa. Bisa ga dukan alamu wannan ne auren da ta fi jin daɗinsa, don littattafan kashe kuɗin gidansu sun nuna tare suke tafiye-tafiye, kuma sukan yi bukin zagayowar ranar aurensu.

A watan Maris na 1461 aka yi mummunar arangama a Towton cikin ruwan ƙanƙara, gidan Lancaster ya sha kashi, ɗan York ya zama Sarki Edward na Huɗu. Stafford ya yi yaƙin a gefen Lancaster, amma bai ɓata lokaci ba ya nemi afuwa, aka kuwa yi masa. Jasper ya gudu. Pembroke ta faɗa hannun William Herbert, mutumin nan da ya tsare Edmund, sa'an nan a 1462 ya sayi riƙon Henry a kan fam 1,000. Abin da aka yi wa uwa shi aka yi wa ɗa. Aka kai yaron gidan Herbert a Raglan, aka kuma ba George na Clarence, ƙanen Sarki, filayen Richmond da ya kamata ya gada. Adalci ne a faɗi cewa Herbert ya riƙe shi da mutunci, ya ilmantar da shi, har yana da niyyar ba shi 'yarsa. Margaret kuwa sai dai wasiƙa da ziyara jefi-jefi.

A nan ne halinta ya fara bayyana. 'Yan'uwanta maza na gidan Beaufort sun zaɓi su ci gaba da yaƙi, suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ita ta zaɓi ta durƙusa. Edward na Huɗu ya ba ta da mijinta gidan gona na Woking a 1466, a ƙarshen 1468 kuma suka karɓi baƙuncinsa suka yi masa liyafa. Wanda ya ga haka ya ce ta ci amanar danginta bai auna abin da ke hannunta ba: ɗanta ɗaya tilo yana gidan wani babban yaron Sarkin, duk wani motsi nata a kansa zai ƙare.

A 1470 al'amari ya juye. Warwick, wanda ya ɗora Edward a kan mulki, ya ɓata da shi, ya kore shi, ya fito da Henry na Shida daga kurkuku ya mayar da shi gado. Jasper ya dawo ya ɗauko yaron ya kawo Landan, uwa da ɗa suka yi 'yan makonni tare, har aka kai shi ya gaida Sarki. Daɗin bai wuce wata shida ba. Edward ya dawo da runduna. Duke na Somerset, ɗan baffan Margaret, ya zo Woking yana zawarcin Stafford, amma Stafford ya auna ya bi Edward. An yi yaƙi a Barnet ran 14 ga Afrilu, 1471, Edward ya yi nasara, Stafford ya sami raunin da ya zama ajalinsa a watan Oktoba. Ran 4 ga Mayu a Tewkesbury aka kashe ɗan Henry na Shida tilo, aka kashe John Beaufort, aka sare kan Somerset bayan kwana biyu. Shi kansa Henry na Shida ya mutu a Hasumiyar Landan daren da Edward ya shigo birni, ba kuwa wanda ya yarda mutuwar Allah da Annabi ce.

Cikin 'yan makonni mazan Lancaster da na Beaufort suka ƙare. Yaron nan ɗan shekara goma sha huɗu, wanda da ba a damu da shi ba, ya zama kusan shi kaɗai ya rage mai ɗigon jininsu. Jasper ya tsallaka teku da shi daga Tenby, iska ta kai su Brittany, wani yanki a arewa maso yammacin Faransa wanda a lokacin yake da nasa mai mulki. Margaret ba ta sake sa shi a ido ba sai bayan shekara goma sha huɗu.

Ba ta cika shekara da takaba ba ta auri Thomas Stanley a watan Yuni, 1472. Wannan aure na lissafi ne tsantsa, kuma wannan karon ita ta yi lissafin. Stanley shi ne mai faɗa a ji a lardunan Lancashire da Cheshire, shi ne kuma shugaban hidimar gidan Sarki Edward. Ya shahara da iya tsayawa a gefe har sai ya ga inda rinjaye ya karkata, kamar yadda ya yi a yaƙin Blore Heath a 1459, inda ya tsaya da mutanensa a kusa bai shiga ba. Ta hanyarsa Margaret ta sami shiga fada, ta yi shekara goma tana lallashi. A 1482 aka rubuta yarjejeniya a gaban Sarki cewa Henry zai sami rabo daga filayen kakarsa idan ya dawo ya yi mubaya'a, har an tsara takardar yi masa afuwa. Ga abin da take nema nan ƙarara: ɗanta ya dawo ya zama hakimi mai biyayya ga York. Da Edward na Huɗu ya ƙara 'yan shekaru a duniya, mai yiwuwa da ba a taɓa jin gidan sarautar Tudor ba.

Shekarar 1483

Edward ya rasu ba zato ran 9 ga Afrilu, 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu ƙanana. Ƙanensa Richard na Gloucester ya karɓe yaran, ya sa aka ce auren iyayensu bai halatta ba, ya hau gado da sunan Richard na Uku. A bukin naɗinsa ran 6 ga Yuli, Margaret ce ta riƙe wa Sarauniya Anne jelar alkyabba. Yaran biyu kuwa, waɗanda aka ajiye a Hasumiyar Landan, aka daina ganinsu kafin ƙarshen bazara, jita-jita ta cika gari cewa an kashe su.

Wasu marubutan ƙagaggun labarai sun ɗora wa Margaret jinin waɗannan yara, hujjarsu ita ce ɗanta ya amfana. Babu wata shaida daga zamaninta da ta tuhume ta da haka, ko daga bakin Richard da ya tuhume ta da cin amanar ƙasa, kuma mabuɗan Hasumiya a hannun mutanensa suke. Abin da ya tabbata shi ne ta ga ƙofar da ɓacewarsu ta buɗe, ta kuwa shiga da sauri. Bayin Edward na Huɗu sun ƙi Richard, amma ba su da wanda za su tsayar. Ita tana da ɗa mai jinin Lancaster. Matar marigayi Sarki, Elizabeth Woodville, wadda ta fake a cocin Westminster, tana da 'ya budurwa mai jinin York. Likitan Margaret, wani mutumin Wels mai suna Lewis Caerleon, shi ma yana duba Elizabeth, saboda haka masu gadi ba su hana shi shiga ba. Ta bakinsa matan biyu suka ƙulla cewa Henry zai auri Elizabeth ta York in ya ci mulki. Wakilinta Reginald Bray ya shiga tara mutane, ta aika da kuɗi Brittany, Bishop John Morton kuma ya jawo Duke na Buckingham, ɗan wan mijinta na baya, cikin shirin.

Tawayen ya tashi a watan Oktoba, ya wargaje nan take. Ambaliyar kogin Severn ta tsare Buckingham, mutanensa suka watse, aka sare kansa a Salisbury ran 2 ga Nuwamba. Guguwa ta tarwatsa jiragen Henry, ya hango gaɓar Ingila ya juya. Majalisar da ta zauna a farkon 1484 ta ambaci Margaret da suna a kan aika saƙonni da kuɗi ga maƙiyan Sarki. Da namiji ce da ta rasa kanta. Amma Richard yana bukatar Stanley, don haka aka ƙwace muƙamanta da filayenta aka damƙa wa mijin, aka umurce shi ya tsare ta a wani wuri, ya raba ta da barorinta. Auren lissafin nan na 1472 shi ya cece ta. Tsaron bai yi tsanani ba, saƙonni suka ci gaba da tafiya. Sa'ad da ma'ajin Brittany ya shirya miƙa Henry ga Richard a 1484, limaminta Christopher Urswick ne ya kai gargaɗin da ya sa ya tsere zuwa fadar Faransa.

Tuni Henry ya rantse a cocin Rennes ranar Kirsimeti ta 1483 cewa zai auri Elizabeth. Ran 7 ga Agusta, 1485, ya sauka kusa da Milford Haven a Wels da 'yan gudun hijira da sojojin haya na Faransa, ran 22 ga wata aka haɗu a Bosworth. Richard bai amince da Stanley ba, ya riƙe ɗansa garkuwa. Thomas Stanley ya yi abin da ya saba, ya tsaya a gefe. Ƙanensa William ne ya afka da mutanensa daidai lokacin da Richard ya kutsa yana neman Henry da kansa, a nan aka kashe Richard.

Uwar Sarki

An naɗa Henry na Bakwai ran 30 ga Oktoba, 1485. Fisher ya ruwaito cewa a tsakiyar murna mahaifiyarsa kuka ta yi ta yi, kuma haka ɗabi'arta take, duk lokacin da alheri ya zo sai tsoron abin da zai biyo baya ya kama ta. Wanda ya ga sarakuna uku sun faɗi ba za a zarge shi ba.

Majalisar farko ta sabon Sarki ta mayar mata da duk abin da aka ƙwace, ta kuma yi mata wata doka ta musamman. A shari'ar Ingila matar aure ba ta mallakar kome da sunanta, ba ta kai ƙara, ba a kai ta, kome na miji ne. Dokar ta ba Margaret matsayin mace mai zaman kanta alhali mijinta na raye. Yarinyar da aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu tun tana goye ta mallaki kanta tana da shekara arba'in da biyu. A 1499, da yardar Stanley, ta yi alwashin ƙaurace wa shimfiɗar aure, ta koma gidanta na Collyweston a lardin Northampton, inda shi yakan zo ziyara kamar baƙo. A can ta kafa majalisa tana sauraron ƙararraki da izinin Sarki, abin da ba a saba gani a hannun mace ba. A wannan lokaci ne kuma ta fara sa harafin R a bayan sunanta, wanda za a iya karantawa Richmond, za a kuma iya karantawa sarauniya da harshen Latin. Da wuya a ce ba ta lura da harshen damon ba.

Ba waliyyiya ba ce kamar yadda Fisher ya so ya nuna ta. Mace ce mai tsananin bin haƙƙinta, ba ta yafe bashi. Ta yi shekaru tana bin gidan Orleans na Faransa kuɗin fansa da suka samo asali tun zamanin kakanni, ta kuma faɗaɗa filayenta a wasu lokuta ta hanyar da raunana suka ji a jikinsu. A fada tana tafiya dab da surukarta Sarauniya Elizabeth, tana sa tufafi irin nata, har jakadan Sifen ya rubuta wa gida cewa uwar miji ta danne Sarauniya. Haka kuma sa'ad da aka sare kan William Stanley a 1495 saboda hannu a makircin Perkin Warbeck, mutumin da ya ceci ɗanta a Bosworth ke nan, kuma ƙanen mijinta, dangantakar ba ta cece shi ba. Tare da wannan duka, tana ciyar da matalauta goma sha biyu a gidanta, tana duba su da kanta in ba su da lafiya, tana tashi tun asuba don ibada har gwiwoyinta da bayanta suka yi ciwo.

Inda ta fi barin suna shi ne wajen ilmi. William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, Margaret na cikin manyan da suka fara gane amfaninta. Ta ba shi wani littafin hikaya na Faransanci ya fassara ya buga, magajinsa Wynkyn de Worde kuma har yana kiran kansa maɗaba'inta. Ita da kanta ta fassara littattafan ibada daga Faransanci zuwa Ingilishi aka buga su, tana kuma yawan nuna takaicin rashin koyon Latin tun tana ƙarama. A 1502 ta kafa kujerar shehun malami ta ilmin addinin Kirista a jami'o'in Oksfod da Kambirij, Fisher ne ya fara hawa ta Kambirij. A 1505 ta ɗauki wata ƙaramar makaranta a Kambirij mai fama da talauci ta mayar da ita Kwalejin Christ's. A saman ƙofar kwalejin aka sassaƙa alamar gidan Beaufort, watau ƙyauren ƙarfe mai kama da raga wanda ake saukarwa a ƙofar ganuwa, alamar da daga baya Majalisar Dokokin Birtaniya ta ɗauka. Kwalejin mata da aka kafa a Oksfod a 1878, Lady Margaret Hall, sunanta aka sa mata.

Ƙarshen rayuwarta

Shekarunta na ƙarshe na rashe-rashe ne. Babban jikanta Arthur ya rasu a 1502, Sarauniya Elizabeth ta rasu wajen haihuwa a 1503, Stanley a 1504. Ran 21 ga Afrilu, 1509, ɗan da ta haifa tana 'yar shekara goma sha uku ya riga ta, yana da shekara hamsin da biyu. An ɓoye labarin mutuwarsa kwana biyu har manyan fada suka gama shiri, ita ce kuma shugabar masu zartar da wasiyyarsa. Magaji, Henry na Takwas, bai cika goma sha takwas ba, saboda haka ta tsaya a kan al'amura har aka naɗa shi ran 24 ga Yuni. Ya cika shekarun ran 28 ga wata. Washegari, 29 ga Yuni, 1509, ta rasu a gidan shugaban cocin Westminster tana da shekara sittin da shida.

An binne ta a ɗakin ibadar da ɗanta ya gina a Westminster. Pietro Torrigiano, wani gwanin sassaƙa daga Florence ta Italiya, shi ya ƙera siffarta ta tagulla a kan kabarin, bai kuwa ɓoye tamojin fuska da ƙullutun yatsun tsohuwar ba. Erasmus ya tsara rubutun da ke kewaye da shi.

Ta mutu ba ta gama aiki ɗaya ba. Ta yi niyyar mayar da wani tsohon asibiti a Kambirij kwaleji, amma ba ta sa abin cikin wasiyyarta yadda doka ta tanada ba. Jikanta Sarki ya sa hannu a kan filayen da ta so ta bar wa kwalejin, barorinta ma suka tashi da nasu da'awar. Fisher ya yi shekaru yana fafutuka tsakanin fada da kotuna da Roma, aka ba Kwalejin St John's takardar kafuwa a 1511, aka buɗe ta a 1516 da dukiyar da ba ta kai wadda aka yi niyya ba. Shi Fisher ya rayu har ya ga Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Paparoma. Ya ƙi amincewa da Sarki a matsayin shugaban coci, aka tsare shi a Hasumiyar Landan fiye da shekara guda, aka sare kansa ran 22 ga Yuni, 1535.